Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama: Jawabi Kan Sayen Tabulet da Waya a Hannun Mutane

Wannan shi ne jawabin da sashen kariya ya gabatar da Hausa a taron iyalai na sansani. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Iyayenmu maza da mata, malamai, shugabannin unguwanni, yayye da ƙanne, sannunku da haƙurin zama cikin wannan rana. Mun san wasu sun baro layin ruwa, wasu sun baro tukunya a kan murhu, don haka za mu tafi kai tsaye ga abin da ya tara mu.

Maganarmu ta yau a kan waya ce da tabulet, wato babbar wayar nan mai faɗin fuska wadda yara ke karatu da ita. A teburin kariya ƙorafi iri ɗaya ne yake ta dawowa. An sayi tabulet, kwana biyu ta mutu. An tura kuɗi, mai kaya ya kashe layinsa. An sayi waya, ashe da mai ita. Shi ya sa jami'an kariya suka ce a zo a yi bayani da harshen da kowa yake ji, tun kafin abin ya sake faɗa wa wani gida.

Wani zai ce, mutanen da ke neman abin kai wa baka, ina su ina zancen tabulet? Amsar tana cikin halin da muka shiga. Wasunmu sun bar gida tun rikicin Rusairis na Yulin 2022 da na Wad al-Mahi na Oktoban 2022. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A Disamban 2023 ya iso Madani da ƙauyukan Jazira, a ƙarshen Yunin 2024 ya kai Sinja, ya tayar da mutanen Dindir da Suki da garuruwan da ke kewaye da Mai Wurno. Gida ɗaya ya rabu uku ko huɗu: uwa tana nan, uba yana Gadarif, ɗa yana Bur Sudan, wani yana Saudiyya ko Masar. Waya ce kaɗai igiyar da ta riƙe su. Duk wanda ya ga watan Fabrairun 2024, lokacin da Zain da Sudani da MTN suka ɗauke, ya san abin da muke nufi. Ba gaisuwa kaɗai ta yanke ba, har da kuɗin cefane, domin ta Bankak 'yan uwa ke aikowa. Daga baya, a Disamban 2024, aka fara canjin takardun jine 500 da 1000, aka ce a zuba tsofaffin a asusun banki, tsabar kuɗi ta ƙara wuya a hannu. Ga kuma makarantu da suka daɗe a rufe, har Hukumar UNICEF ta ce a Oktoban 2023 yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Iyaye da yawa sun koma neman tabulet domin yaro ya bi darasi ta WhatsApp, ko ya yi bitar jarrabawar shahada.

To, kun ga waya ta zama wasiƙa, ta zama lalita, ta zama allo. Kuɗin sayenta kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Wata zobenta ta sayar, wani akuyarsa ta ƙarshe, wani ɗan'uwa ne ya yi wata uku yana tarawa a ƙasar mutane. Ɗan damfara ya san duk wannan, kuma ya san muna cikin matsi da gaggawa. Da wannan gaggawar yake cin kasuwarsa.

Tarkon iri huɗu ne, kuma yana da kyau mu san kowanne da kamanninsa.

Na farko shi ne jabu. Tabulet ce da aka ƙera da kayan banza, aka buga mata sunan babban kamfani kamar Samsung ko Apple ko Lenovo ko Huawei. Kwali mai ƙyalli, leda a jiki, har da takarda a ciki. In ka kunna ta za ta nuna maka ma'ajiyarta gigabait 128 ce ko 256, alhali abin da ke ciki bai wuce 8 ko 16 ba. An koya mata ƙarya ne tun daga inda aka haɗa ta.

Na biyu ita ce ta gaske amma ta riga ta gaji. Ta faɗa ruwa, ko batirinta ya mutu, ko an sauya mata fuska da mai araha, sai aka goge ta aka sa a sabon kwali. Sayen gwanjo ba laifi ba ne, yawancinmu shi muke iyawa. Laifin shi ne a sayar maka da tsohuwa a kuɗin sabuwa, ko a ɓoye maka aibinta.

Na uku ita ce wadda aka ƙwace ko aka kwaso daga gidajen mutane. Dukkanmu mun san abin da ya faru da gidaje da shaguna a Khartum da Madani da Hasahisa, mun kuma san kasuwannin da irin waɗannan kaya suke fitowa da sunan da ake kiransu. Wannan ta fi sauran haɗari, za mu dawo kanta.

Na huɗu kuwa babu kayan ma gaba ɗaya. Hoto ne kawai a Facebook ko a wani zauren WhatsApp. Mai shi zai ce yana Bur Sudan ko Atbara ko Alƙahira, a tura arbun, wato kafin alƙalami, zai ba direban bas ya kawo. Da kuɗi sun shiga, sai a ce a ƙaro na mota, sai na kwastan, daga nan layi ya mutu. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Maganin duka huɗun guda ne: kada kuɗi ya bar hannunka sai ka riƙe na'urar, ka kunna ta, ka gwada ta, an rubuta takarda. Iyayenmu da suka saba kasuwar dabbobi ta Tambul ba sa biyan kuɗin saniya sai sun duba haƙori, sun ga tafiyarta, ga dillali ga shaidu. Tabulet ma haka take, sai dai haƙorinta a ciki yake. Bari mu nuna inda ake dubawa.

Ku fara da farashi tun kafin ku taɓa kaya. A tambayi shago uku a kasuwa nawa irin wannan take. A ce duk ukun sun faɗi kuɗi kusan ɗaya, sai ga wani ya tare ka a bakin ƙofar sansani ya ce ka kawo kashi ɗaya cikin uku, to ba tausayinka ya ji ba. Araha ba ta ado. Haka nan wanda ya ce yana sauri motarsa za ta tashi, ko wani na jira zai saya yanzu, ko babu caji ba za a iya kunnawa ba, ku bar masa kayansa. Mai kayan gaskiya ba ya tsoron a kunna.

Sai lamba. Kowace waya, da kowace tabulet mai ɗaukar shariha, tana da lambarta ta kanta mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI. A buɗe wurin buga kira a danna *#06#, lambar za ta fito. Mai shariha biyu lamba biyu take nunawa. A gwada ta da wadda ke jikin kwali, da wadda ke cikin saitin na'urar, wato I'dadat, a ƙarƙashin bayanin na'ura. In lambobin sun saɓa, ko an kankare ta kwali, ko an liƙa wata takarda a kai, ciniki ya ƙare a nan. Tabulet da ba ta ɗaukar shariha ba ta da IMEI, amma tana da lambar siriyal, ita ma a gwada ta da ta kwali. Kuma a lura da kyau: irin wannan sai da Wi-Fi take shiga intanet. Iyaye da yawa ba su san haka ba sai an kawo ta tanti an rasa inda za a sa layi. A tambaya tun farko, a ga ramin sharihar da ido.

A wurin nan na bayanin na'ura akwai sunan samfurinta. A samu wani yaro mai waya ya bincika wannan sunan a shafin kamfanin. In kamfanin bai taɓa yin wannan samfurin ba, ko ya yi shi da ƙaramar ma'ajiya amma ta hannunka tana iƙirarin babba, jabu ce. Wanda aka ce masa iPad ce, ya san abu biyu: iPad ta gaske ba ta da Play Store, App Store take da shi, kuma ba ta da ramin katin memori. In ka ga ɗaya daga cikin biyun nan, an yi wa Android kwalliya ne. Wayoyin Samsung da yawa kuma, in aka danna *#0*# sukan buɗe shafin gwaji na launi da taɓawa da lasifika. Game da Huawei, sababbin da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba sa zuwa da Play Store. Wannan ba alamar jabu ba ce, amma a tabbatar manhajar da ake bukata tana aiki a kanta kafin a biya.

Daga nan sai gwaji na hannu, kuma kada a ji kunyar ɗaukar lokaci, ko da rabin awa ne. Ka sa sharihar ka, ka kira wani, ka ji ko yana jin ka, ka buɗe intanet. Wasu na'urorin da aka shigo da su daga waje a kulle suke da layin wata ƙasa, ba za su karɓi Zain ko Sudani ko MTN ba. Ka ja yatsa a kowace kusurwa ta fuskar, ka ga ko akwai inda ba ya amsawa. Ka ɗauki hoto gaba da baya. Jabu takan zo da idanun kyamara uku ko huɗu a baya, amma ado ne kawai, hoton ya fito dishi-dishi. Ka ɗauki bidiyo mai ɗan tsawo, ka turo wasu manyan bidiyoyi daga wata waya, sannan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙaryar ma'ajiya takan cika da wuri, ko abin da aka zuba ya ƙi buɗewa. Ka dubi rubutun jikinta da na kwali, sau da yawa akan sami harafi ɗaya da ya kauce a sunan kamfanin.

Batir kuma a ba shi kulawa ta musamman. A jona caja a ga lamba tana hawa. A cire, a kunna bidiyo na minti goma, a ga nawa ta sauka. In ta zube da yawa, ko bayan na'urar ya yi zafin da hannu ba ya so, batirin ya gama. In kuwa kun ga fuskar ta ɗago, ko bayan ya kumbura, ko kyauta aka ba ku kada ku shiga da ita tanti. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, kuma kun san yadda leda da zana suke da wuta, ga tantuna manne da juna. Saboda wannan dalilin ne muke roƙo kada a bar waya tana caji a ƙarƙashin matashi ko a kan katifar yara.

Gwaji na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne ke tona asirin kayan sata. Ka ce wa mai sayarwa ya cire asusunsa na Google, ko na iCloud in ta Apple ce, a gabanka. Sannan a yi mata farmata, wato a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A kunna, a haɗa ta da intanet, ka sa naka asusun har ta buɗe sarai. In ta tsaya tana neman asusun wani mutum, mai sayarwa kuma ya ce ya manta, ko na ƙanensa ne, ko mai gyara zai buɗe maka da ɗan kuɗi kaɗan, to ba tasa ba ce.

A nan muke so iyaye su saurara da kyau, musamman masu samari. Wayar da aka ƙwace ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba. Kowa ya san ana duba wayoyi a shingayen bincike a kan hanya. In aka buɗe wayar da ke aljihunka aka ga hotunan da ba ka san su ba, ko saƙonni, ko lambobin wasu mutane, kai za a tambaya, ba wanda ya sayar maka ba. In mai ita ya gane ta, kai ne ɓarawo a idon jama'a. Mutanenmu na ƙauyuka da na kanabi sun sha zargi iri-iri a wannan yaƙin ba tare da sun yi komai ba, kada mu ɗauko wani da kuɗinmu. Ban da wannan ma, wayar nan ta wani ce da aka kora daga gidansa kamar yadda aka kore mu, wataƙila hotunan 'ya'yansa ne a ciki. Duk wanda aka kwashe wa ɗaki ya san zafin abin.

In na'ura ta tsallake duk wannan, sai takarda. A rubuta sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, sunan na'urar, lambar IMEI ko siriyal, kuɗin da aka biya da kwanan wata. Mutum biyu su shaida, ɗaya daga cikinsu ya kasance wanda ya san mai sayarwar da inda yake kwana. A yi sharaɗi a rubuce cewa in aibi ya fito cikin kwana biyu ko uku za a mayar. A yi cinikin da rana, a cikin mutane, ba bayan gari ba. Kada a aiki yaro shi kaɗai da kuɗi, kada mace ta bi wani zuwa wani gida wai can kayan suke.

Wajen biya ta Bankak, a dubi sunan mai asusun da ya fito. In ba sunan wanda ke gabanka ba ne, a tambayi dalili kafin a tura, kuma a ajiye ish'arin, domin lambar da ke jikinsa ita ce hujjarka. In kuma kai ne mai sayarwa, kada ka yarda da hoton ish'ari da aka nuna maka a waya ko aka turo ta WhatsApp. Ana ƙirƙirar na ƙarya, kamarsu ɗaya da na gaske. Buɗe naka asusun ka ga kuɗin sun shiga, sannan ka miƙa kaya. Lambar sirri, da lambar nan da ke zuwa ta saƙo, ba a ba kowa, ko da ya ce daga banki yake kira. Kada a bar mai sayarwa ko mai shagon Starlink ya buɗe maka asusu a wayarsa, kada kuma a karɓi manhajar banki da wani ya turo. A sauke ta daga ma'ajiyar manhajoji ta asali.

Akwai wata damfarar da ta shafe mu kai tsaye, domin da sunan hukumomin agaji ake yin ta. Saƙo zai zo cewa ana rabon tabulet kyauta ga yaran 'yan gudun hijira, a danna nan, a cika suna, a biya kuɗin rajista kaɗan. Ko wani ya zo da riga mai tambari yana rubuta sunaye yana karɓar kuɗi. Ku riƙe wannan da kyau: duk wani taimako na hukumar 'yan gudun hijira da abokan aikinta kyauta ne. Rajista kyauta ce, kati kyauta ne, shiga jerin sunaye kyauta ne. Duk rabon da za a yi, za ku ji shi a wannan takardar, da allon sanarwa, da bakin shugabannin unguwanni. Wanda ya nemi ko jine ɗaya da sunanmu, ku kawo mana labarinsa.

Haka kuma kada a ba da katin rajista, ko katin abinci, ko takardar raƙam waɗani a matsayin jingina don a karɓi waya bashi. Wanda ya riƙe katinka ya riƙe abincin 'ya'yanka. Kada ka yanka wa wani shariha da sunanka, domin duk abin da aka aikata da layin, sunanka ne a kai. Iyayenmu mata, ku sa ido a kan kyautar waya da wani babba zai yi wa yarinya ko yaro a ɓoye. Irin wannan kyautar takan zo da bukata a bayanta. In hakan ta faru, ko da ma'aikacin agaji ne, akwai jami'a mace a teburin kariya da za ta saurara a asirce, kuma ba za a ɗora wa yarinyar laifi ba.

Wanda kuma bukata ta sa zai sayar da tasa wayar, ko zai kai ta gyara, ya cire shariha da katin memori, ya fita daga Bankak da WhatsApp. In sayarwa ce, ya kwashe hotunan iyalinsa da na takardunsa, ya cire asusunsa, ya yi farmata da hannunsa.

To, in an riga an cuce ka fa? Abu na farko, kada ka yi shiru saboda kunya. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, sun cuci malamai, sun cuci 'yan kasuwa. Shirunka shi ke ba su damar zuwa tanti na gaba. Kada ka goge komai: saƙonni, lambar da aka kira ka da ita, hoton tallar, ish'arin biya, kwali, duk a ajiye. In asusunka aka taɓa, a canza lambar sirri nan take, a sanar da banki. Sannan ka zo teburin kariya, ko ka jefa takarda a akwatin ƙorafi. Za mu rubuta, mu yi maka bayanin yadda ake buɗe balagi wurin 'yan sanda in kana so, kuma akwai mai fassara, ba sai ka iya Larabci ba. Ba za mu yi muku alƙawarin cewa kuɗi za su dawo ba, domin sau da yawa ba sa dawowa. Amma rahoto ɗaya yana iya tsare gida goma.

Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne kada a tara samari a je ƙwato haƙƙi da hannu, musamman in mai sayarwar ɗan gari ne. Mu baƙi ne a nan, kuma waɗanda suka fito daga Nilu Shuɗi sun ga yadda ƙaramar magana take zama gobara. A bi ta hannun shugabanni da hukuma.

Daga yau, duk wanda zai sayi waya ko tabulet kuma bai amince da idonsa ba, ya nemi wani cikin matasanmu da suka san na'ura su raka shi, ko ya biyo ta teburin kariya a karanta masa matakan nan kafin ya tafi kasuwa. Shugabannin unguwanni, muna roƙonku ku maimaita wannan magana a wurin ɗiban ruwa da wurin rabon abinci, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren iyayenmu mata. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.